Lambar Kwaɗon Baba Abdelkerim

"Maman Luba, ki bari haka nan. Rana za ta dafa yarinyar nan a bayanki."

Fauziya ba ta ɗago kai ba. Tana tsugune a gindin turken ƙarfen da ke ƙofar asibitin unguwa, ta naɗe yatsunta da gefen mayafi, don kwaɗon ya ɗauki zafi kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. Ta juya lambobin nan huɗu: sifiri, takwas, takwas, sifiri. Ta ja. Ko motsi bai yi ba. Ta sake juyawa: takwas, sifiri, sifiri, takwas. Ta ja. Shiru.

Didier, mai gadin asibitin, wanda ya yi maganar, ya jawo bencinsa daga inuwa ya zo ya tsaya a kanta, yana fifita da hularsa.

"Wannan kin gwada ta jiya. Ina kallonki."

"Na sani."

"To me ya sa kike sakewa?"

Ita ma ba ta san dalili ba. Luba ta yi ɗan kuka a goye, ta goga fuska a bayan uwarta, ta koma barci. Watan Afrilu ne, tsakiyar zafin Garwa, lokacin da ko awaki ba sa fitowa titi tsakanin azahar da la'asar.

Keken yana jingine da turken kamar yadda mai shi ya bar shi ranar Laraba. Sarƙa ta ratsa ta cikin jikinsa, ta bi ta tayar baya, ta zagaye turken, ta haɗe a kwaɗon da ke rataye kamar taƙi biyu daga ƙasa. Abu biyu ne kawai suka canza. Ranar Alhamis an kwance ƙararrawa. Yau Asabar kuma, da Fauziya ta iso bayan an watse daga sadakar uku, ta tarar babu sirdi, sai bakin bututu a buɗe yana kallon sama.

"Wallahi ban ga lokacin da aka cire ba," in ji Didier. "Na shiga taya Madam Rosalie ɗaukar mara lafiya, minti biyar. Na fito, babu. Mutanen nan da sifana suke yawo a aljihu." Ya rage murya. "Kuma shef, shugaban asibitin, ya ce in gaya miki. Litinin da safe motar magajin gari za ta zo kwasar kayan da aka bari a bakin titi. Su da injinsu suke zuwa. In suka yanka suka tafi da shi, kin san inda ake jibge su. Ko kin same shi, ƙarfe za ki samu."

"Litinin," in ji Fauziya.

"Litinin."

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta gyara goyon, ta rufa wa Luba mayafi a ka, ta kama hanyar gida.

Keken na Baba Abdelkerim ne, maƙwabcinsu wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mutumin Kuseri ne, ya zo Garwa tun yana saurayi, ya yi shekara talatin yana aikin masinja a wani ofis, yana kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, har Faransanci ya zauna a bakinsa ba tare da ya taɓa shiga aji ba. Da ya ajiye aiki sai ya koma sayar da folere, zoɓon da matarsa Dada Fanta take dafawa ta ƙulla a leda ta daskarar. Kowace safiya yakan ɗaure kula a kariyar keke, ya bi makarantu da tashar mota da bakin gadar Binuwai, ya dawo da yamma kular babu komai. Ba su da ɗa a raye. Da tukunyar Dada Fanta da keken Baba gidan yake ci.

Wannan keken na biyu ne. Na farko an sace shi bara, ranar wata Jumma'a, a ƙofar masallaci. Baba ya ɗaure tayar gaba kaɗai da wata siririyar waya a jikin bishiya. Da aka sallame ya fito ya tarar da tayar tana nan a ɗaure lafiya lau, sauran keken ya yi gaba. Haka ya taho gida a ƙasa, taya a kafaɗa, yara suna binsa. Wata uku gidan ya yi ba a ɗora tukunyar folere ba, sai da mutanen layi suka haɗa hannu aka samo masa wani na hannu.

Ranar da keken ya iso, Fauziya ta tare shi a ƙofa.

"Baba, keken nan ba zai kwana biyu a waje ba sai mun sayi kwaɗo. Kuma ni zan zaɓa."

"Ke kuma me kika sani a kan kwaɗo, 'yar nan?"

"A rumfar gyaran keke na girma. Kukan da na ga maza sun yi a gaban babana ya fi wanda na gani a gidan mutuwa."

Suka tafi babbar kasuwa tare, ita da goyo, shi yana tura keke. Mai shagon ya fara miƙo musu wata waya mai murɗe-murɗe cikin roba shuɗiya, mara nauyi, kyakkyawa. Baba ya so ta. Fauziya ta karɓa, ta lanƙwasa ta da hannu ɗaya, ta mayar.

"Wannan almakashin ƙarfe sau ɗaya zai cije ta. Kawo sarƙa."

Ya kawo sarƙa uku. Ta ɗaga kowacce ta ji nauyinta, ta duba inda aka haɗe kowane zobe, sannan ta ce a ba ta magagari. Mai shagon ya yi dariya, amma ya bayar. Ta goga a ta farko, ƙarfen ya ci. Ta goga a ta biyu, ya ci. A ta uku magagarin ya zame kamar a kan kwalba, ko tabo bai bari ba.

"Wannan."

"Wannan ai ta ɗaure bijimi ce," in ji Baba. "Keken zan tura ko sarƙar?"

"Duka biyun."

A kan kwaɗon ma sai da suka ja. Baba yana son mai mukulli, irin wanda ya saba. Fauziya ta tuna masa mukullin ɗakinsa da ya ɓace sau biyu a wata ɗaya, da wanda aka tsinta a cikin kular folere ya daskare. Ta zaɓi mai lamba huɗu, haɗe da sarƙar, mai kauri, wanda bakinsa a rufe yake babu inda za a cusa ƙarfe a banƙare. A nan ƙofar shagon ta nuna masa yadda ake yi: sarƙa ta bi ta jikin keken da tayar baya, ba tayar gaba ba. A ɗaure a abin da aka kafa da siminti, ba ƙaramar bishiya ba, ba allon da za a iya tumɓukewa ba. Kada kwaɗon ya taɓa ƙasa, don in ya kwanta a ƙasa an samu inda za a dake shi da guduma. A ajiye a inda idon mutane yake. In an rufe a hautsina lambobin duka huɗu, ba ɗaya kawai ba.

"To, Madam Kwamisa," in ji Baba, ya sara mata kamar soja. Tun daga ranar sunan ya bi ta.

"Saura lamba. Ka zaɓi taka. Kada ka sa shekarar haihuwa, kada ka rubuta a takarda, kada ka gaya wa kowa."

"Ko ke?"

"Ko ni."

Ya juya musu baya, ita da mai shagon, ya duƙa a kan kwaɗon kamar mai ƙirga sirri. Wata goma sha ɗaya ke nan. Bai taɓa saɓa ko ɗaya daga cikin dokokin ba.

Ranar Laraba, wajen ƙarfe biyu, wayar Fauziya ta yi ƙara tana cikin wanke kayan Luba. Muryar mace ce, ta ce sunanta Rosalie, ma'aikaciyar jinya ce, akwai wani tsoho a wurinsu, lambar da aka fara gani a wayarsa an rubuta Kwamisa. Fauziya ta leƙa ta katanga ta kira Dada Fanta, ba ta nan, ta tafi sayen sukari. Ta bar saƙo wurin maƙwabta, ta goya Luba, ta hau mashin.

Abin da ta fara gani a ƙofar asibitin keken ne. Daga baya Didier ya ba ta labari: tsohon ya iso yana tuƙi a hankali, hannu ɗaya a ƙirji, gumi ya jiƙe rigarsa. Didier ya ce masa ya shiga, shi zai kula da keken. Ya ƙi. Ya durƙusa ya zura sarƙar ta jiki da tayar baya, ya zagaye turken, ya ɗaga kwaɗon sama, ya rufe, ya hautsina lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance kular ya miƙa wa Didier ya ce a raba wa masu jiran layi kafin ta narke. Sannan ya taka matakala uku ya faɗi.

A ciki an kwantar da shi a gado na ƙarshe, kusa da taga. Fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Idonsa a buɗe yake. Da ya ga Fauziya sai bakinsa ya motsa.

"Kwamisa."

"Na'am, Baba. Ga ni. An tafi kiran Dada."

"Na ɗaure... yadda kika ce."

"Na gani, Baba. Ka yi shiru ka huta."

Numfashinsa yana fita guntu-guntu, kowace kalma sai ya tsaya ya nemo iska. Ya kama bakin mayafinta. Ya faɗi wani abu da Faransanci, kamar yadda yake faɗin duk wata lamba tun zamanin ofis. Ta sunkuya. Ya maimaita. Ta ce ta ji. Ya saki mayafin. Bayan nan kalmar shahada ce kawai, Fauziya tana faɗa yana bi, har ya daina bi. Rosalie ta zo ta taɓa wuyansa, ta duba agogonta, ta rufe masa ido. Lokacin da Dada Fanta ta iso da ledar sukari a hannu, an riga an ja zane.

Kafin magariba aka kai shi. Fauziya ta yi duk abin da ake yi. Ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗebo ruwa, ta dafa abincin baƙi, ta amsa gaisuwa. Hawaye bai zo mata ba. Ta ji wata mata tana cewa ita wannan zuciyarta dutse ce, ta ji maganar kamar ana yi da wata.

Washegari ta je ɗauko keken, tana ganin aikin minti ɗaya ne. Tamanin da takwas Baba ya ce. Lamba biyu ke nan, kwaɗon kuma huɗu yake so. Ta sa sifiri biyu a gaba. Ta sa su a baya. Ta sa takwas huɗu. Ta sa alif ɗari tara da tamanin da takwas. Da duk suka ƙi, ta fara daga sifiri huɗu tana hawa ɗaya-ɗaya, lambobin suna da tauri, ƙarfen yana ƙona yatsa, ta kai dubu ɗaya da wani abu Luba ta fara amai saboda zafi, ta tashi, washegari ta rasa inda ta tsaya.

Ranar Jumma'a mijinta Muntaka ya biyo daga mahauta da zarto. Ya yi ta gogawa har haƙoran zarton suka lashe, sarƙar ko gezau. Yana cikin yi wani mai wucewa ya hango mutum da zarto a kan keken da ba nasa ba, ya ɗaga murya da Fulatanci, "Gujjo! Ɓarawo!" Nan da nan mutane suka fara taruwa, wani har ya ɗauki dutse. Da Didier bai fito da gudu yana rantse-rantse ba, da labarin ya zama wani. Muntaka ya dawo gida, ya jefar da zarton, ya dubi Fauziya.

"Ke kika zaɓi sarƙar nan ko?"

"Ni ce."

"To kin iya zaɓe. Ko mai shi ba ta bari."

Suka nemo mai walda, ya ce sai an ba shi wuta daga cikin asibitin. Shugaban asibitin ya ce ba zai bari a yanka komai a ƙofarsa ba sai an kawo takardar keken. Aka zazzage akwatin Baba, aka ga takardun aiki na shekara talatin a jere cikin leda, babu ta keke.

Da Fauziya ta dawo ranar Asabar ɗin nan, ta tarar da Youssouf a zauren gidan rasuwar. Ƙanen Dada Fanta ne, mai bandar kifi a Lagdo, ya zo tun ranar Alhamis. Mutum ne mai hankali, ba ya ɗaga murya.

"An dace?"

"Ba a dace ba, Kawu. An cire sirdi ma."

Ya girgiza kai. "Ki huta, 'yata, kin yi iyakar yinki. Ni na riga na yanke. Bayan sadakar bakwai zan tafi da Yaya Lagdo. Na tambayi malamai, sun ce in babu mai ci da ita, ta iya ƙarasa takabarta a wurina."

"Muntaka ya ce shi zai riƙa fita da kular. Sha biyu yake tashi daga mahauta. Dada ta dafa, shi ya zagaya."

"Da wane keken?"

Fauziya ta gyara goyon.

"Kin gani. In da keken yana nan, da sai in ce to. Amma ba zan bar ta ta zauna tana jiran kwanon maƙwabta ba. Ku ma da naku nauyin."

Daga cikin ɗaki muryar Dada Fanta ta fito. "Youssouf, shekara arba'in da ɗaya ina ɗakin nan."

"Na sani, Yaya."



Lahadi da hantsi Fauziya ta shiga da kunu. Baƙi sun ragu. Dada Fanta tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta lulluɓa da zane mara ado, carbi a hannu ba ta ja. Babbar tukunyar folere tana kife a bakin ƙofa. Fauziya ta sauke Luba, yarinyar ta tafi kai tsaye ta zauna a cinyar tsohuwar kamar kullum.

"Dada, ki sha ko kaɗan."

"Ajiye."

Ta ajiye. Ta zauna. Can ta ce, "Gobe za su kwashe shi. Laifina ne, Dada. Ni na hana shi mai mukulli. Ni na ce kada ya gaya wa kowa. Da mai mukulli ne, da yanzu mun laluba aljihunsa."

"Da mai mukulli ne, da tun bara ya jefa mukullin a Binuwai," in ji Dada Fanta. Ba ta yi murmushi ba. Ta shafa kan Luba. "Kowa sai ce mini yake tamanin da takwas, tamanin da takwas. Shi Malam bai taɓa faɗin lamba da Hausa ba. Ko awaki zai ƙirga sai ya yi da yaren ofis."

"Da Faransanci ya faɗa. Ni na juya."

"To faɗa mini yadda ya faɗa. Ni ban samu maganarsa ta ƙarshe ba. Ke kika samu. Ba ni ita yadda take."

Fauziya ta dubi ƙasa. Tun ranar Laraba ba ta bari kanta ya koma ɗakin nan mai fanka ba. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce sosai.

"Quatre." Ta tsaya, kamar yadda ya tsaya. "Vingt." Ta sake tsayawa. "Huit."

Dada Fanta ta rufe ido. Leɓenta ya bi kalmomin. Sannan ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu. "Huɗu. Ashirin. Takwas." Ta buɗe ido. "Ina tamanin ɗin?"

"Haka ake faɗa a Faransanci, Dada. Tamanin, sai a ce huɗu-ashirin, wato ashirin sau huɗu. In an ƙara takwas..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Ni Faransancina a ashirin ya tsaya," in ji tsohuwar. "Iyakar abin da ya koya mini ke nan, ya ce kaina ya cika. Ni dai abu uku na ji kin faɗa."

Fauziya ta yi shekara tara a lakwal, makarantar boko. Tun tana aji biyu aka koya mata, da bulala, cewa waɗannan kalmomi uku lamba ɗaya ce. Da Baba ya tsaya a tsakaninsu, ta ɗauka numfashi ne ya yanke masa. Ta zana da yatsa a kan tabarma: huɗu. Biyu da sifiri. Takwas. Gida huɗu cif.

"Lambar me ce wannan, Dada? Huɗu, ashirin, takwas?"

Dada Fanta ta daɗe tana tunani. "Ban sani ba," ta ce. "Shekara arba'in da ɗaya, ban san ta ba." Ta jawo kwanon kunun kusa da ita. "Bar mini yarinyar. Kada ki sake kai ta rana."

Ranar Lahadi titin asibitin babu mutane sosai. Daga cocin da ke bayan layin ana jin waƙa. Didier yana kan bencinsa yana cin gyaɗa, da ya hango ta ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Ta tsuguna. Ba ta naɗe yatsunta ba. Huɗu. Biyu. Sifiri. Takwas. Ta ja.

Kwaɗon ya buɗe da wata 'yar ƙara, ƙas, wadda ba ta kai ƙarar fasa gyaɗar Didier ba.

"Ah!" Didier ya miƙe, gyaɗar ta zube. "Madam Rosalie! Zo ki gani! Ya buɗe!"

Fauziya ta zauna a kan dugaduganta, bakin sarƙar a hannu ɗaya, kwaɗon a ɗaya. Ta jira ta ji wani abu. Abin da ta ji kawai zafin ƙarfen ne. Ta zare sarƙar daga tayar baya a hankali don kada ta karce fenti, ta naɗe ta a ƙarƙashin inda sirdi yake a da, ta rufe, ta hautsina lambobin duka huɗu. Rosalie ta fito bakin ƙofa da farar rigarta, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ki gaida matarsa." Fauziya ta ce za ta ji.

Tayar baya ta sace, iska ta fita gaba ɗaya. Ko da akwai sirdi ba za ta iya hawa ba. Ta kama hannuwan keken ta tura. Yana da nauyi fiye da yadda ta zata, yana jan gefe ɗaya. Ta wuce masu gyaran mashin, ta wuce mai sayar da mai a kwalba. A kwanar makarantar firamare wata mai tuyar ƙosai ta ɗago kai, ta ga keken, ta duba bayan Fauziya kamar tana neman wani, sannan ta mayar da idonta kan kasko. Tafiyar minti goma ta ci mata kusan rabin awa.

Youssouf da Muntaka suna zaure lokacin da ta turo kan keken ciki. Muntaka ya tashi ya karɓi gaban ya ɗaga shi ya haye dokin ƙofa. Youssouf bai tashi ba. Ya dubi keken tun daga taya har bututun da babu sirdi.

"Babu wurin zama," ya ce.

"Akwai tsohon sirdi a wurin surukina," in ji Muntaka. "Da faci. Kafin la'asar ya tashi."

"Kai kuma ka tabbata za ka iya? Daga yanka ka koma yawon rana?"

"Zan iya, Kawu."

Youssouf ya shafa gemu. Ya leƙa cikin gida, inda yayarsa ta fito bakin ƙofar ɗaki da Luba a hannu. Ya daɗe yana kallonta.

"To," ya ce. "Laraba zan koma. In na zo arba'in, na ga yadda kuke."

Fauziya ta tura keken ta ratsa tsakar gida har rumfar da yake kwana. Ta jingine shi da ginshiƙin ƙarfen, ta durƙusa, ta buɗe kwaɗon, ta zura sarƙar. Dada Fanta ba ta matso ba, sai da Fauziya ta je wurinta. Ta miƙa mata Luba, ta koma ɗaki.

Da la'asar ta yi sanyi, Fauziya ta leƙo ta katanga don ta tambayi ko akwai abin da za a aika. Ta ga an tayar da tukunyar folere, an cika ta da ruwa. Dada Fanta tana duƙe tana shara, karo na farko tun ranar Laraba. Ta share bakin ɗaki, ta share wajen murhu, ta share gindin randa. Tayar nan mara iska ta bar wani faffaɗan sawu a cikin yashi, ya taho daga zaure a karkace har rumfa. Da tsintsiyar ta iso wurin, tsohuwar ta tsaya. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake, ta ci gaba da shara daga ɗaya gefen.